Cirozerin: mai dawaki huɗu, tarakta mai doki nawa zai saya?

Wanda ya bar Agadas ya kama titin Arlit, in ya ratse wajen Cirozerin, abin da zai fara tare masa ido shi ne hayaƙin tashar lantarki ta Anu Araren, inda kamfanin SONICHAR yake ƙona gawayin ƙasa tun shekarar 1981 domin ba ma'adinan yuraniyom da garuruwan jahar wuta. To amma in ya gangara bakin ƙorama, wata duniyar zai tarar: garake kore shar a tsakanin duwatsu, da albasa, da tumatir, da dankalin turawa, da masara, da alkama, ga kuma fangulan ciyawar luzern da ake yanka wa bisashe. Daga irin waɗannan garake, na nan da na Dabaga da Tabelot, ake cika manyan motoci da albasar Abzin zuwa kasuwannin kudu.

A ƴan shekarun nan garka ta samu sababbin masu ita. Ran 31 ga watan Maris 2021 kamfanin COMINAK ya rufe raminsa na Akokan, ma'aikata wajen 600 suka karɓi kuɗin sallama, kowa ya shiga neman inda zai aje nasa. Zinariyar da ta ɓulla a Jado da Cibarakaten a 2014 ta sa kuɗi a hannun ƴan kasuwa da dama. Ga kuma ma'aikacin gwamnati da ritaya ta ƙarato masa, yana son abin da zai riƙe gida in albashi ya tsaya. Cikin waɗannan mutane akan samu mai sha'awar doki, wanda zai kafa turke uku ko huɗu a gefen garkarsa. Da ya ga wahalar neman ƴan ƙodago, da tsadar harawa, sai tunanin tarakta ya faɗo masa. Saboda shi muka yi wannan rubutu, domin kuɗin da za a zuba a motar noma sau da yawa shi ne duk abin da mutum ya tara a shekara talatin na aiki, kuma in ya shiga ba ya fitowa da sauƙi.

Doki a ƙasar raƙumi

Abzin ƙasar raƙumi ce, da jaki da akuya. Ruwan saman da Agadas take samu a shekara bai cika wuce milimita 150 ba, saboda haka doki ba ya iya riƙe kansa a daji kamar yadda raƙumi yake yi. Duk da haka sunan dokin Abzin ya daɗe da kaiwa fadojin Kano da Katsina da Sakkwato, kuma har yanzu in an ce bagazam, masana dawaki sun san ana nufin irin da aka danganta da dutsen Bagzan. A hawan Salla na Sarkin Abzin, da bikin Biyanu, da taron makiyaya na Ingal a watan Satumba, mai doki yana da matsayinsa.

Abin lura a nan shi ne, a wannan ƙasa doki a turke yake rayuwa, komai kawo masa ake yi. Doki mai nauyin kilo 350 yana cin busasshen abinci wajen kilo 7 a yini, ya sha ruwa lita 30 zuwa 50 a lokacin zafi, ya kuma zubar da kashi wajen kilo 15. Ke nan wanda ya ce yana da gonar dawaki a Cirozerin, a gaskiya mai garka ne da yake noma wa dawakinsa ci. Duk tambayar tarakta daga garkar za ta fara.

Dokin da ke cikin inji

Dillalin tarakta kalmarsa ta farko ita ce doki: wannan mai doki 50 ce, waccan mai doki 75. Ma'aunin ya samo asali daga James Watt, Baturen da ya inganta injin tururi a ƙarshen ƙarni na 18, ya kuma kwatanta ƙarfinsa da na dawakin da ke juya na'urori, don masu saye su gane. A lissafin da Faransawa suka bar mana, doki ɗaya shi ne ƙarfin da zai ɗaga kilo 75 sama tsawon mita ɗaya cikin sakan ɗaya.

Akwai abubuwa biyu da dillali ba ya cika faɗa. Na farko, adadin da aka rubuta a jikin tarakta ƙarfin inji ne tsurarsa, kuma abin da yake isa ga sandar da ke juyawa a baya, wadda take tuƙa injin fasa ƙasa ko na yankan ciyawa, yakan gaza da wajen kashi 15 cikin 100. Na biyu, tarakta ita kaɗai ba ta aikin komai sai ja da juyawa. Garma, injin fasa ƙasa, tirela, tankin ruwa, kowanne sayensa ake yi daban, kuma kowanne yana da girman taraktar da ya dace da shi. Maƙalai ukun nan na baya da ake rataya kayan aiki a kansu, waɗanda Harry Ferguson ya ƙirƙiro kuma taraktarsa ta 1946 ta yaɗa su duniya, suna da aji-aji: aji na 1 na ƙananan taraktoci ne, aji na 2 na masu doki 50 zuwa sama. Garmar aji na 2 ba ta zama a bayan ƙarama sai da dabara, in ma ta zauna ƙaramar ba ta iya ɗaga ta. Sandar baya kuma a tabbata mai juyi 540 a minti ce, don ita ce ta dace da akasarin kayan da ake samu a kasuwanninmu.

A fara da ƙidayar aiki

Mu ɗauki misalin mutum mai dawaki huɗu da garka hekta ɗaya da rabi, rabin hekta luzern, sauran hekta ɗaya albasa da masara. Wane aiki ne yake jiran inji a wannan gida?

Luzern in an shuka ta takan yi shekara uku ko huɗu ana yanka tana tohowa, kusan kowane wata. Ba ta son garma a duk tsawon wannan lokaci, kuma da yake kullum ake yankar abin da dawaki za su ci, lauje ya wadatar. Hekta ɗayan da ta saura ana juya ƙasarta sau biyu a shekara, aikin da matsakaiciyar tarakta za ta gama cikin awa 3 ko 4 kowane karo. Kashin dawaki huɗu, kilo 60 a yini, ya kai wajen tan 22 a shekara, wato sawu 11 na tirela mai ɗaukar tan 2 zuwa inda ake tara taki. Abincinsu, kilo 28 a yini, wajen tan 10 ne a shekara, kuma rabinsa ko fiye daga cikin garkar yake fitowa. Ruwan shansu bai wuce tano ɗaya a yini ba. A ƙara da fitar da buhunan albasa zuwa bakin hanya, da ɗauko dusa da harawa daga kasuwa, da yashi da bulo in ana gini. Duk wanda ya haɗa wannan da gaskiya, da wuya ya samu awa 60 a shekara, kuma zai ga mafi yawansu dako ne, huɗa kaɗan ce.

A Turai mai ƙaramar gonar dawaki yana sayen tarakta mai cokali a gaba domin ɗaga dammunan ciyawa masu kilo 300, da share filin kiwo, da baje yashin filin horo. Babu ɗaya daga cikin waɗannan a bakin ƙoramar Cirozerin. Wanda ya kwaikwayi zaɓin Bature daga hoton da ya gani a wayarsa, ya sayi maganin ciwon da ba nasa ba.

Lissafin da ɗan kasuwa ya sani

Ɗan kasuwa ya san kayan da ke kwance a shago kuɗi ne da ke barci. Haka tarakta take. Mu ce za ta yi shekara 10 tana aiki. Kowace miliyan ɗaya da aka zuba a cikinta tana narkewa jika 100 a shekara, ko an tashe ta ko ba a tashe ta ba. In an sayi tarakta da kayanta a kan miliyan 10, misali, miliyan ɗaya ke tafiya kowace shekara. Mai aikin awa 50 ya biya jika 20 ke nan a kan kowace awa, tun kafin ya zuba mai ko ya sallami direba. Mai aikin awa 500 kuwa jika 2 ya biya. Inji ɗaya ne, bambancin ninki goma.

Sai kuma mai. Tarakta mai doki 75 in tana jan garma takan sha lita 8 zuwa 10 a awa, mai doki 30 lita 3 zuwa 4, ƙaramar nan mai ƙafa biyu kuwa ba ta cika wuce lita 2 ba. A watan Yuli 2024 hukuma ta sauke litar gazuwal daga sefa 668 zuwa 618. A wannan farashi awa ɗaya ta babbar ta haura jika 5, ta matsakaiciyar wajen jika 2. Babbar tana gama huɗa da sauri, gaskiya ne, amma jan tirelar taki ba ya bukatar doki 75, kuma mun ga dako shi ne yawan aikin.

Wanda zai ci bashin banki, ko na BAGRI ko na wani, sai ya ɗora ruwan bashin a kan wannan lissafi, ya kuma tuna doki ba ya kawo kuɗin da zai biya. Albasa ce za ta biya, ita kuwa farashinta yana faɗuwa daidai lokacin da kowa ya fitar da tasa.

Hanyoyi huɗu

Hanya ta farko ita ce kada a saya. A kafa amalanke da jaki biyu don dako, irin waɗanda masana'antun ACREMA a Tawa da UCOMA a Damagaram suka shahara da ƙerawa kuma maƙeran gari suka iya, ko a samu babur mai ƙafa uku na ɗaukar kaya. Ranar huɗa a yi hayar tarakta. Tsarin Gidan Manoma da ya zo da shirin 3N daga 2012 an shata shi da sashen haya da gyaran kayan noma a kowace komin, don haka yana da kyau mutum ya fara zuwa ma'aikatar magajin gari da ofishin noma ya ji abin da ke akwai da abin da ke aiki. Aibin haya ɗaya ne: kowa yana son ta a mako guda. Wanda ya yi magana da wuri ya ba da kafin alƙalami shi ke samu.

Hanya ta biyu ita ce ƙaramar motar noma mai ƙafa biyu, wadda ake riƙe da hannu ana bin ta a baya, mai doki 12 zuwa 15, akasari ƙirar Sin. Tana shiga ƙofar da amalanke ke shiga, tana juyawa a ƙarƙashin dabino da lemo, tana fasa hekta ɗaya cikin yini ɗaya ko biyu. In an ɗaura mata tirela takan ja rabin tan ko fiye, in an sa mata bel takan juya famfon ban ruwa ko injin daddatsa kara. Injinta mai silinda ɗaya ne, ɗan uwan wanda ke cikin injinan niƙa, don haka bakaniken unguwa ya san cikinsa. Tana gajiyar da mai riƙe ta, tana son a riƙa ƙara mata ruwa, kuma a cikin rairayi mai laushi da kaya a baya takan tona wa kanta rami. Ga mai hekta ɗaya zuwa biyu, ita ce ta fi kusa da bukata.

Hanya ta uku ita ce ƙaramar tarakta mai ƙafa huɗu, doki 25 zuwa 35, wadda duka ƙafafun suke ja. Irin su ake samu daga Kubota ta Japan, Mahindra da Sonalika na Indiya, YTO da Lovol na Sin. Faɗinta bai cika wuce mita ɗaya da rabi ba, nauyinta tan ɗaya zuwa ɗaya da rabi. Jan ƙafa huɗu a nan ya fi ƙarin doki goma amfani, domin hanyar garka ba ta rasa tsallaka ƙorama, kuma a rairayi abin da ke fitar da kaya shi ne riƙon ƙasa. Ta dace da mai hekta 3 zuwa 5, ko mai ƙaramar garka da ya tabbata maƙwabta za su riƙa hayarta.

Hanya ta huɗu ita ce babbar da kowa ya sani, mai doki 50 zuwa 85, irin su Massey Ferguson 240 da 375 da 385 waɗanda kamfanin Millat yake haɗawa a Pakistan. Inji ne mai juriya, kuma kayan gyaransa sun fi na kowa yawa a Kano da Maraɗi. Sai dai mai doki 75 faɗinta ya kusa mita 2, nauyinta wajen tan biyu da rabi. Garkar Abzin kuwa ƙananan fangula ce, da hanyoyin ruwa na ƙasa, da bututun roba da aka binne ba zurfi, da shingen ƙaya, da itatuwa a tsaka. Shigar irin wannan mota sau ɗaya tana iya rusa gyaran wata guda, ta fasa bututu, ta danne ƙasar da aka jiƙa har ruwa ya daina ratsa ta. Linzami ya fi ƙarfin bakin kaza. Wurinta shi ne shimfiɗaɗɗen filin Irhazer, inda ƙasa take da laka mai tauri kuma ake samun ruwa daga rijiyoyin burtsatse masu zurfi. Can ne shirin noma na Irhazer, wanda Areva ta ɗauki nauyinsa da sama da biliyan 11 na sefa, ya fara gwaji daga 2013 a Agarus da Tigirwit, kuma luzern tana cikin abin da aka shuka. Mai gona a irin wannan fili, ko mai niyyar yin sana'ar haya da gaske, shi ya kamata ya dubi babba.

Abin da Abzin take yi wa inji

Ko wace aka zaɓa, akwai abokan gaba huɗu da ke jiranta. Na farko ƙura. Ƙurar hunturu da ta guguwar bazara in ta ratsa matatar iska tana cin silinda kamar yadda dutsen niƙa ke cin tsaba. A nemi mai matatar da ake zuba wa baƙin mai, ko mai matata biyu da kwanon tare ƙura a sama, a kuma duba ta kowace safiyar aiki. Littafin inji yakan ce a juye baƙin mai bayan awa 250. A nan gara a rage, kuma ko awoyin ba su cika ba a juye sau ɗaya a shekara.

Na biyu zafi da tudu. Daga Afrilu zuwa Yuni zafi yana haura digiri 40, radiyatar da ƙaiƙayi ya toshe kuwa ba ta jimawa take tafasa. Injin da ba shi da turbo yana rasa wajen kashi 1 cikin 100 na ƙarfinsa a kowace mita 100 ta tudu. Agadas tana wajen mita 500 bisa teku, garuruwan cikin duwatsu kuma akwai waɗanda suka haura 1,000. Saboda haka in lissafi ya nuna doki 25, a ɗauki 30, amma wannan ba hujjar tsallakawa zuwa 75 ba ce.

Na uku ƙaya. Ta kandili da ta aduwa da ta shinge ba sa barin tayar gaba ta huta. A zaɓi taya mai kauri, a tambayi farashin ta baya tun kafin a biya kuɗin mota, don mutane da yawa sai ranar da ta fashe suke jin labari.

Na huɗu mai. Gazuwal na jarka da ake sayarwa a bakin hanya yakan zo da ruwa da datti, famfon mai kuwa shi ne abu mafi tsada da saurin fushi a jikin inji. A saya a gidan mai, a bar shi ya kwanta a tano, a tace kafin a zuba. A nan ne kuma ya kamata a yi hattara da sababbin taraktocin Turai da ake kawowa na hannu. Dokokin hayaƙi na can, waɗanda aka ƙara tsanantawa daga 2019, sun sa injinansu sun koma aiki da kwamfuta, suna son mai mai tsabta ƙwarai, wasu har da wani ruwa na daban da ake zuba wa bututun hayaƙi. In ɗaya ta tsaya a Cirozerin, sai an nemo mai na'urar karanta ta. Tsohon inji mai famfon ƙarfe, wanda bakanike ke gane ciwonsa da kunne, shi ya fi dacewa da mu.

Nisan kayan gyara

Cirozerin ba ta rasa hannu. Garin da ya shekara arba'in yana haƙar gawayi da manyan injina, ga tsofaffin ma'aikatan Arlit da Akokan, ga waɗanda makarantar EMAIR ta Agadas ta horar, ba a rasa wanda zai kwance inji ya mayar. Abin da ake rasawa shi ne ƙarfen da za a sa. Daga nan zuwa Agadas kilomita 75 ne, daga Agadas zuwa Tawa wajen 400, zuwa Damagaram wajen 450, zuwa Yamai kusan 950, wanda kuma zai je Kano sai ya ƙara wajen 240 bayan Damagaram. Rufe iyakar Benin a 2023 ya sa kayan da ke biyowa ta Kwatano suka koma zagayowa ta Lome da Burkina Faso, da ƙarin kwanaki da ƙarin kuɗi. Dattawanmu ƴan kasuwa kuma ba su manta 12 ga Janairu 1994 ba, ranar da aka karya darajar sefa, kayan waje suka ninka cikin dare ɗaya, injina da yawa suka kwanta saboda ƙarfe ɗaya. Albasar da ta isa dashe ba ta jiran mota daga Lome.

Don haka kafin a je wurin dillali, a fara zuwa wurin mai sayar da kayan gyara a Agadas da takarda a hannu: matatar mai, matatar iska, bel, famfon ruwa, faifan kuloci, bakin allurar mai, taya. A tambaye shi na wace tarakta yake da su a shago yau, na wace ce sai an aika. Amsarsa ta fi duk wata takardar talla. Wanda aka ba shi tarakta da araha alhali babu irinta ko ɗaya a jahar, ya sani shi zai zama ɗan gwaji.

In ta hannu ce

Yawancin masu saye ta hannu za su saya, kuma ba laifi ba ne in an buɗe ido. A je da bakaniken da mai saye ya ɗauko da kansa. A iske injin da sanyinsa da safe, domin wanda aka riga aka ɗumama yana ɓoye ciwo. In ta tashi a dubi hayaƙi: shuɗi yana nuna tana shan baƙin mai, fari mai daɗewa yana nuna ruwa ko allura, baƙi ba tare da kaya ba yana nuna famfo ko matata. A buɗe murfin baƙin mai tana aiki, in tana huci da ƙarfi ta nan, silinda ta gaji. A rataya mata garma a ɗaga, a kashe inji, a jira minti goma, in garmar ta sauko da kanta to sashen ɗagawa yana yoyo. A gwada kowace giya da kaya a baya, a juya sandar baya, a duba ko birki yana kama ƙafa biyu daidai. Agogon awa ana iya juya shi, amma cinyewar abin taka kuloci da sassaucin sitiyari ba sa ƙarya. Sabon fenti a kan tsohon inji dalili ne na ƙara bincike. Daga ƙarshe a karɓi takardun duwan da rasiɗin saye, a gwada lambar da ke jikin ƙarfe da ta takarda.

Tsakanin barga da gareji

Doki dabba ce mai saurin firgita, kuma huhunsa ba ya son hayaƙi da ƙura. A yi wa tarakta rumfarta nesa da turaku, a aje tanon mai nesa da rumbun harawa. A saba wa dawaki da ƙararta a hankali, daga nesa, kafin a kusanto. Luzern da aka tara a tirela da ɗanyenta tana ɗaukar zafi cikin ƴan awoyi, wadda ta fara ruɓa kuma tana kawo wa doki ciwon ciki, saboda haka a baje ta da an sauke, a kuma haɗa ta da busasshiyar ciyawa.

Hatsarin da ya fi kashe direbobin tarakta a duniya shi ne kifewa, gaɓar ƙoramar da ruwa ya ci ta ƙasa kuwa tarko ce. Wanda ya ga abin da ambaliyar Telwa ta yi wa Agadas a farkon Satumba 2009 ya san yadda gaɓa take canzawa cikin dare ɗaya. A zaɓi mai ƙarfen kariya bisa kujera, kada a cire shi don ya taɓa reshe. Kujerar ta mutum ɗaya ce, yara ba su da wurin zama a kan murfin taya. Babbar riga da rawani kuma su nisanci sandar baya in tana juyawa, don ba ta sakin abin da ta kama.

Shawararmu

Mai dawaki huɗu da garkar da ba ta kai hekta biyu ba, ya kafa amalanke, ya yi hayar huɗa, in hayar ta gagara ya sayi mai ƙafa biyu. Kuɗin da ya rage ya zurfafa rijiya, ya sa famfo mai aiki da hasken rana, domin a Abzin ruwa ne ke ciyar da doki. Mai hekta 3 zuwa 5 ya nemi mai doki 30 da ke ja da ƙafa huɗu, da tirela da injin fasa ƙasa daidai ita, ya ware kashi ɗaya cikin goma na kuɗin don kayan gyara tun ranar saye. Babba kuwa a bar wa mai fili a Irhazer, ko a haɗa kai a saye ta tare, maƙwabta biyar ko shida, da direba ɗaya, da littafin rubuta awoyi, da asusun gyara da kowa ke zubawa gwargwadon aikin da aka yi masa. Ƙungiyoyin masu garake na Abzin sun daɗe suna haɗa albasarsu su sayar tare, haɗa kuɗin inji bai fi wannan wuya ba in an rubuta sharuɗɗa a gaban shaidu.

Muna kuma kira ga hukumomin komin da Majalisar Manoma ta jahar Agadas da su sa ido a kan sashen haya, su kuma nemo ƙananan injina daidai garakenmu a duk lokacin da za a yi odar kayan noma. Shi kuwa mai saye, kafin ya kira dillali, ya ɗauki igiya ya auna faɗin ƙofar garkarsa, ya zauna da alƙalami ya ƙidaya awoyin aikinsa na shekara. Allah ya sa albarka a abin da aka tara, ya ba mu damina mai amfani.